Yadda Ake Tsara Wuta, Iska da Ruwa a Ginin Kotu: Jagora ga Injiniya a Katsina da Daura

Kafin ka ja layi ko guda a takarda, ka ware yini ɗaya ka je ka zauna a kotu. Ka isa da sassafe, ka samu benci na can baya, kada ka tashi sai an tashi. In da hali ka zaɓi watan Afrilu, lokacin da zafin Katsina ke haura digiri 40 kuma ko ganye ba ya motsi.

Ga abin da za ka gani. Mai shari'a ya sunkuya yana rubuta duk abin da ake faɗa da hannunsa. An kira wata dattijuwa daga ƙauye ta ba da shaida, tana magana ƙasa-ƙasa don kunya da tsoron wuri, tafinta na kusa da ita yana kasa kunne. Fanka na ta watsa takardun lauya, ya danne su da wayarsa. Can sai a ɗauke wuta. A tada janareta a bayan taga, daga nan babu wanda ke jin dattijuwar. A ce ta ɗaga murya, ta ɗaga, ta koma yadda take. A rufe taga, zufa ta karyo wa kowa, balle lauyoyin da ke cikin baƙar riga da hular gashi.

Aikinka ke nan gaba ɗaya. Kotu wurin sauraro ce, kuma duk na'urar da ka sa a cikinta, ko ta taimaka a ji dattijuwar nan ko ta hana. Da wannan ma'auni za ka auna esi, janareta, famfo, har da inda bututun bayan gida zai bi.

Mataki na farko: tambaya

Wace irin kotu ce? Babbar Kotun Jiha, kotun majistare, kotun shari'ar Musulunci da Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a, kowace da irin jama'arta. Kotun shari'a da ke sauraron ƙarar aure da gado tana cika da mata, wasu da goyo, wasu da dangi goma a bayansu. Kotun da ke shari'ar manyan laifuka kuwa motar gidan gyaran hali ke kawo mata mutane da gandirobobi. Lissafin bayan gida, inuwa da ruwan sha na waɗannan biyu ba ɗaya ba ne.

Kada ka tsaya ga shugabanni. Ka nemi magatakarda, ka gaishe shi yadda ya kamata, ka ce, "Ranka ya daɗe, ranar da aka fi cika, mutum nawa ke shiga zauren nan?" Adadin da zai ba ka ya fi na takardar kwangila gaskiya, kuma galibi ya ninka shi. Ka tambayi masinja inda ake alwala. Ka tambayi mai gadi, "Baba, wa ke tada janareta, kuma in ya lalace wa ake kira?" Amsar tambayar ƙarshe ita za ta gaya maka irin na'urorin da ginin zai iya riƙewa bayan an yanke kyalle kowa ya watse.

Mataki na biyu: hanyoyi uku da ba sa haɗuwa

Ginin kotu na zamani hanya uku gare shi. Ta jama'a, ta alƙalai da ma'aikata, da ta waɗanda ake tsare da su. Zauren shari'a kaɗai ke haɗa su. Wannan aikin mai zanen gini ne, amma injiniya ne ya fi saurin ɓata shi ba tare da ya sani ba. Ka sa allon rarraba wuta a barandar jama'a, duk wanda hukunci bai yi wa daɗi ba yana iya kashe wutar zauren. Ka sa makullin ruwa a cikin ofishin alƙali, mai gyaran famfo sai ya jira a tashi daga zama. Ka ratsa da babban bututun iska daga ɗakin tsaro zuwa baranda, ka buɗe wa mutum hanyar gudu, ka kuma buɗe wa magana hanyar fita.

Don haka ka ɗauki zanen ginin, ka shafa wa hanyoyin nan launi uku, sannan ka ƙara ta huɗu wadda ba a cika tunawa da ita ba: hanyar mai gyara. Duk abin da ke buƙatar hannu, matatar esi, makullin ruwa, bireka, batir, a iya kai masa daga wannan hanya ana tsakiyar shari'a.

Mataki na uku: rage zafi tun daga bango

Magina na da sun san abin da suke yi. Shiga kowane tsohon soro a cikin birnin Katsina ko Daura da tsakar rana, za ka ji sanyin da katanga mai kauri, rufi mai tsawo da ƙananan tagogi na can sama suke bayarwa ba tare da waya ko ɗaya ba. Kowane kilowat na zafi da ka hana shiga, ka rage kuɗin esi, na waya, na janareta da na gas har ƙarshen rayuwar ginin.

Ka zauna da mai zanen gini tun zanen bai bushe ba. Tsawon ginin ya miƙe daga gabas zuwa yamma, tagogi su kalli kudu da arewa, bangon yamma ya zama na ɗakunan ajiya da matakala. Sai dai akwai abin da littattafan Turai ba za su gaya maka ba. Katsina na kan layi na 13 ne arewa da tsakiyar duniya, saboda haka daga ƙarshen Afrilu zuwa tsakiyar Agusta rana ta arewa take bi. Tagar arewa ma tana son rumfa. Rufin kwano ya zama mai haske, a sa abin hana zafi a ƙarƙashinsa, a bar wa sararin da ke tsakanin kwano da silin mafitar iska. Gilashi daga ƙasa har sama yana da kyau a hoto, amma a garin nan tanda ce kake ginawa.

Kuma a bar tagogin da ake iya buɗewa. Ranar da komai ya tsaya, su ne za su ceci zaman.

Mataki na huɗu: sanyi da iska

A nan ne aka fi yin kuskure, don haka bari mu daɗe. Abin da aka saba shi ne a dubi faɗin ɗaki a ce "sa esi huɗu." Zauren kotu ba a yi masa haka, domin yawan zafinsa daga jikin mutane yake fitowa.

Mu ɗauki misali. Zaure mai mita 12 a faɗi, 15 a tsawo, wato murabba'in mita 180, da mutum 100 a ranar cika. Mutumin da ke zaune yana fitar da zafi kimanin wat 120, kenan kilowat 12 daga jama'a kawai. Fitilun LED a kan wat 8 ga kowane murabba'in mita, kusan kilowat ɗaya da rabi. Kwamfuta, allon bidiyo da lasifika, mu ce kilowat 1. Abin da ke ratsowa ta rufi da bango ya danganta da ginin, dole ka lissafa naka, amma mu ɗauka kilowat 10 don misalin ya tafi.

Saura iskar waje, wadda yawanci ake mantawa da ita. Esi na bango iskar ɗaki yake juyawa, ba ya kawo sabuwa. Mutum ɗari a rufaffen ɗaki, bayan awa biyu sai hamma da gyangyaɗi, a ɗauka jawabin lauya ne ya yi tsawo. Ƙa'idar shigar da iska cikin gini ta Amurka, ASHRAE 62.1, ta ware wa zauren kotu lita 2.5 a daƙiƙa ga kowane mutum, da ƙarin lita 0.3 ga kowane murabba'in mita. A zaurenmu, 250 da 54, lita 304 a daƙiƙa. Sauko da wannan iska daga digiri 42 zuwa 25 zai ci kilowat 6 da 'yan kai. In ka haɗa duka, kana wajen kilowat 30, wato tan takwas da rabi na sanyi, tunda tan ɗaya kilowat 3.5 ne. A harshen kasuwa, esi mai doki biyu kusan guda shida.

Da damina lissafin na juyawa. A watan Agusta zafin waje na sauka amma iska na cike da danshi, kuma cire danshi aiki ne da ke cin ƙarfi. Ka yi lissafin sau biyu, na bazara da na damina, ka ɗauki wanda ya fi nauyi.

Wajen saye, ka rubuta a takardar kwangila cewa na'urar ta zama ajin T3. Esi na ajin T1 a zafin waje na digiri 35 aka auna ƙarfinsa, na T3 kuwa a 46. Wanda aka auna a 35, in ka kafa shi a bangon yamma a watan Afrilu, ƙarfinsa zai ragu a daidai lokacin da aka fi bukatarsa, ko ya riƙa yankewa. Injinan waje su samu inuwa da sararin shan iska. Kada ka karɓi esi mai gas ɗin sanyaya na R22, ana kan daina shi a duniya. R410A da R32 ne ake samu yanzu.

Wane tsari? Ra'ayina, babbar na'ura guda mai sanyaya ruwa ta rarraba wa gini duka ba ta dace da kotu mai zaure huɗu ko shida a nan ba. Ranar da ta tsaya, ginin duka ya tsaya, kuma mai gyaranta sai an ɗauko shi daga nesa. Na fi son kowane zaure da nasa injinan, biyu ko uku, a ɗan ɗaki na gefe, su turo iska ta bututu mai rufin hana ƙara. Ɗaya ya mutu, saura su riƙe zaman. Kuma zauren da ba a zama a cikinsa yau, a kashe nasa.

Maganar ƙara: abin da ake nema a zauren kotu shi ne matakin NC 25 zuwa 30, wato shirun da za a ji mai magana a hankali daga nesa. Esi na tsaye da ake jinginawa a kusurwa ba ya kaiwa nan. Bututu ya zama mai faɗi don iska ta tafi a hankali, mafitarta kada ta huro kan makirufo ko kan teburin alƙali. Wajen alƙali da lauyoyi a ware masa nasa ma'aunin sanyi, domin mai alkyabba da rawani ko mai baƙar riga ba zafi ɗaya yake ji da mai 'yar shara a benci ba.

Sai ƙurar hunturu. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, duk iskar da ka jawo daga waje da ƙura take zuwa. A sa matata hawa biyu, ta farko wadda ake wankewa, ta biyu mai laushi, a kuma ɗaga mashigar iskar sama da ƙasa sosai, nesa da wurin ajiye motoci. Fanka kuma kada ka raina ta. A sa manya masu juyawa a hankali a saman bencin jama'a, ban da saman teburan takardu. Da fanka, digiri 26 ya wadatar.

Barandar jira ba ta bukatar esi. Rumfa mai tsawo, fanka, bishiyar darbejiya da ruwan sha sun fi mata amfani.

Mataki na biyar: wuta

Ka fara da raba kayan ginin gida uku, kowane gida da allonsa da wayarsa tun daga tushe.

Gida na farko shi ne abin da ba a yarda ya ɗauke ko na ƙiftawar ido ba: na'urar naɗar shari'a, makirufo, fitilun zaure da na ɗakin tsaro, kyamarori, ƙararrawar gobara, kwamfutar ajiyar bayanai. Waɗannan a kan inbata da batir suke kullum. Gida na biyu fanka, famfon tura ruwa, soket na ofisoshi. Waɗannan za su iya jiran daƙiƙoƙin da janareta zai tashi. Gida na uku esi, mai cin kaso mafi girma, wanda za a iya sauke shi in wuta ta yi ƙaranci. Wanda ya cakuɗa ukun a allo ɗaya, ya tilasta wa kotu ta ƙona gas na babban janareta don kunna makirufo biyu.

Katsina na ƙarƙashin kamfanin KEDCO ne, tare da Kano da Jigawa. Gini irin wannan nasa taransifoma yake so, daga layin 11kV ko 33kV, ya sauko zuwa bolt 400 mai layi uku. Ka je ofishinsu da wuri ka san layin da ke kusa. Ka raba nauyi daidai a kan layukan uku, ka bar sararin kashi 20 zuwa 25 cikin ɗari a kowane allo, domin kotu ba ta raguwa, ƙaruwa take.

Sola ta dace da kotu fiye da yawancin gine-gine, saboda aikin kotu na rana ne. Lokacin da esi ke ja da ƙarfi, lokacin ne rana ke bayarwa. A yankinmu kilowat ɗaya na faranti yana ba da yunit 4 zuwa 5 a yini. A karkata farantan zuwa kudu da digiri 13 zuwa 15. Abu biyu ke rage musu ƙarfi: zafi, wanda ke cin kusan kashi 0.4 cikin ɗari ga kowane digiri sama da 25, da ƙura. Don haka ka bar sarari a ƙarƙashinsu iska ta ratsa, ka kai famfo da matakala har kan rufin. Na taɓa ganin ginin da aka cika rufinsa da faranti ba a bar ko hanyar taka ƙafa ba. Hunturu ɗaya ya mayar da su launin ƙasa, aka riƙa zagin inbata ba laifinta. Ɗakin batir ya zama mafi sanyi a ginin. Batirin dalma, duk ƙarin digiri 10 a kan 25 yana raba kwanansa biyu. Na litiyam ya fi juriya, amma shi ma ba ya son tanda.

Janareta biyu matsakaita sun fi ƙato guda. Injin gas da ke aiki ƙasa da kashi 30 cikin ɗari na ƙarfinsa yana tara baƙin mai a salansa, ya lalace da wuri. Inda za a ajiye su kuwa, iska za ka tambaya. Ta hunturu daga arewa maso gabas take busowa, ta damina daga kudu maso yamma. Ka kai ɗakin janareta arewa maso yamma ko kudu maso gabas da zaurukan, can ƙarshen fili, hayaƙi da ƙara su wuce ta gefe a kowane lokaci na shekara.

Girman waya: teburan BS 7671, ƙa'idar haɗa wuta ta Birtaniya, da muke aiki da su sun ɗauka zafin wuri digiri 30 ne. A cikin silin ɗin Katsina wannan mafarki ne. Wayar da ke da rigar PVC, a digiri 40 ana ninka ƙarfinta da 0.87, a 45 da 0.79, a 50 da 0.71. Ka yi wannan ragin, ka kuma auna kaurin jan ƙarfen da aka kawo da kanka, domin abin da aka rubuta a jikin nadi ba kullum ne ke ciki ba. Soket duka su bi ta na'urar da ke yanke wuta da zarar wutar da ke zurarewa ta kai miliyam 30.

Wayar ƙasa, wadda masu aiki ke kira atin, tana wahala a busasshen yashi. Sanda ɗaya da gawayi da gishiri ba za su wadatar ba. A kafa sanduna da yawa a haɗe su zobe, a auna a watan Maris ko Afrilu lokacin da ƙasa ta fi bushewa. Awon Agusta yaudara ne. Na kariyar tsawa ana neman om 10 ko ƙasa (om shi ne ma'aunin turjiyar da wuta ke samu), kuma a sa abin tare hauhawar wuta a babban allo da gaban na'urorin naɗa, don aradun farkon damina ba ta sallama.

Mataki na shida: haske, murya da ido

Teburin alƙali, na magatakarda da na lauyoyi su samu laks 500 (laks shi ne ma'aunin haske), bencin jama'a 300, baranda 100. Hasken ya faɗo kan fuskar mai shaida daga gaba, kada a sa taga a bayansa, domin alƙali yana karanta fuska kamar yadda yake sauraron baki. Fitilun gaggawa masu batirin awa uku su bi duk hanyar fita.

Tun shekarar 2020, lokacin korona, zaman kotu ta bidiyo ya shigo Najeriya, kuma dokar gudanar da shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015 ta ba da damar naɗar zama da na'ura. Ko ba a sayi kayan yau ba, ka binne bututun waya a daɓe zuwa teburin alƙali, akwatin shaida, akwatin wanda ake tuhuma da teburin lauyoyi. Bututun banza arha ne, fasa tayil daga baya tsada. Kada ka manta da makirufon tafinta. Ƙananan lasifika da yawa a silin sun fi manya biyu a gaba masu amsa kuwwa. Wayar murya da ta intanet su yi nesa da ta wuta. A ƙarƙashin teburin alƙali a sa maɓallin neman ɗauki da ke ƙara a ɗakin 'yan sanda ba a zaure ba.

Mataki na bakwai: ruwa

Ruwan famfo na birnin Katsina daga madatsar Ajiwa yake zuwa, amma gini irin wannan ba ya dogara da hanya ɗaya. A haɗa da na gwamnati, a haƙa burtsatse bayan an yi binciken ƙasa, a kai ruwan ɗakin gwaji kafin a ce a sha.

Lissafi, a misali: ma'aikata 80 a kan lita 45, baƙi 400 a kan lita 15, kusan lita 10,000 a yini. Ka tanadi na kwana biyu a tankin ƙasa, na yini guda a tankin sama. Famfon sola ya cika na saman da rana, daga nan nauyin ruwa ya yi sauran aikin ko babu wuta. Kowane mita 10 na tsawo yana ba da matsi kusan bar ɗaya (bar shi ne ma'aunin matsin ruwa), don haka tankin da ya ɗara rufi da mita biyu ba zai tura ruwa da ƙarfi a bene ba. A yi wa tankin rumfa. Baƙar roba a ranar Afrilu ruwan shayi take dafawa. Bututun da ke fili ma a rufe shi, rana na cinye roba.

Wanda ya kwafo zanen bayan gida daga littafin waje zai sha kunya a nan. Jama'armu da buta suke shiga. Mafi yawan ɗakunan su zama na tsuguno, da famfo a ƙasa ta hannun dama, daɓe mai gangara zuwa magudana, sai ɗaya ko biyu na zama don tsofaffi da masu lalura. Kada mai zama ya fuskanci alƙibla ko ya ba ta baya. Daga Katsina alƙibla gabas ce mai ɗan karkata arewa, kimanin digiri 70 daga arewa, saboda haka ka jera su kudu da arewa. In ka kuskure wannan, za ka tarar an kulle ɗakin an mayar da shi sito.

Wurin alwala a yi shi da gangan, na maza daban na mata daban, da wurin zama da kwata mai faɗi. Lokacin azahar kowa ke tasowa a tare, don haka yawan famfunan a kan wannan rabin awa za ka lissafa shi. In babu, a kwanon wanke hannu za a riƙa wanke ƙafa har ya ɓalle daga bango. Ruwan alwala ba shi da ƙazanta sosai, a bi da shi gindin bishiyoyi maimakon a cika sokawe.

Bututun ƙazanta mai milimita 100 ya samu gangara ɗaya cikin 40, da ramin dubawa a kowace kwana. Sokawe ya yi nisan aƙalla mita 30 daga burtsatse, kuma motar kwasa ta iya isa gare shi ba ta ƙofar alƙalai ba. Bututun bayan gida kada ya bi bangon zauren shari'a. Ba a son a ji zubar ruwa ana karanta hukunci.

Ruwan sama a nan ba shi da yawa a shekara, amma in ya zo a fusace yake zuwa, da iska daga gabas. Indararo da lambatu a yi su don ruwan awa ɗaya mai ƙarfi, kuma duk wata kafar iska da ke bangon gabas a yi mata baki mai kare feshi.

Mataki na takwas: ɗakuna uku masu hali na daban

Ɗakin tsare waɗanda ake tuhuma: babu waya a fili, babu soket, babu fanka da hannu zai kai, babu bututu ko ƙugiya da za a iya ɗaura wani abu. Fitila mai murfin da ba ya fasuwa, makunninta a waje. Makullin ruwa da tankin bayan gida a wani lungu ta baya. Iskar ɗakin a zuƙe ta a fitar waje gaba ɗaya, kada ta koma cikin gini, saboda tarin fuka da makamantansa. Mutanen nan ba a yanke musu hukunci ba tukuna, kuma ɗaki mai cunkoso ba iska a bazara yana iya kisa.

Ɗakin ajiyar fayil da na kayan shaida: kada bututun ruwa ko na zubar esi ya bi ta samansu, ko da hanyar ta fi kusa. Takardar gado ko ta fili da ta jiƙe ba ta da madadi. A ɗaga kantoci daga ƙasa, a yi maganin gara tun daga tushe, a sa na'urar jin hayaƙi, ƙofa mai jure wuta, da tukunyar kashe gobara wadda ba ta ruwa ba. Sauran ginin a sa masa mesar kashe gobara da nata kason ruwan da ba a taɓawa, a kuma bar wa motar 'yan kwana-kwana hanyar zagaye gini.

Masu bukata ta musamman: dokar hana nuna musu wariya ta 2018 ta wajabta wa gine-ginen gwamnati su zama masu shiguwa gare su. Lif yana bin wuta, don haka in fili ya isa, zaurukan shari'a su zauna a ƙasa, ofisoshi su hau bene. Gangaren keke kada ya wuce ɗaya cikin 12.

Mataki na tara: takarda da gwaji

Zane ya fita da hatimin injiniya mai rajistar COREN, hukumar kula da aikin injiniyoyi, aikin wuta kuma NEMSA, hukumar duba ingancin aikin lantarki, ta duba kafin a haɗa. Kafin a zuba kankare, ka ɗora zanen wuta, na ruwa, na iska da na ƙarfe a kan juna, ka ga inda suka yi karo. Kowace na'ura da ka rubuta, ka tambayi kanka ko ana samun kayan gyaranta a Katsina, ko aƙalla a Sabon Garin Kano.

Ranar karɓar aiki kada ka yarda da "Yallaɓai, komai na aiki." Ka tara leburori da duk wanda ka samu su cika zauren da ƙarfe biyu na rana. A kunna komai. Ka sa wani ya tsaya a akwatin shaida ya yi magana ƙasa-ƙasa, kai kuma ka koma bencin baya. A tada janareta, ka sake saurare. A yanke babban layi ba sanarwa, ka duba ko na'urar naɗa ta ƙifta. A buɗe famfunan alwala duka a tare. A ja ruwan bayan gidan bene kana cikin zaure. Ka nemi wa'adin gyaran ɗan kwangila ya kai wata 12, don ginin ya ga bazara, damina da hunturu kafin a sake masa sauran kuɗinsa.

Sannan ka kira wanda zai riƙa kula da ginin, ka zaga da shi ɗaki-ɗaki. Kowace bireka da kowane makullin ruwa a liƙa masa suna da Hausa. Ka ba shi zanen yadda aka yi aikin a zahiri, kwafi ɗaya a hannunsa, ɗaya wajen magatakarda, da jadawalin wanke matata: duk mako biyu da hunturu, duk wata a sauran shekara. Ka sa ya cire matata ɗaya ya mayar a gabanka.